Yadda Ake Buɗe wa Ɗaliban Kwaleji Ƙofar Ilimin Aikin Hankali

Na daɗe ina koyar da wannan darasi ga ɗaliban shekarar farko da ta biyu, kuma kusan duk sabon malamin da aka ɗora wa shi tambayarsa ɗaya ce: ta ina zan fara? A cikin ilimin halayyar ɗan Adam, wannan shi ne reshen da ke binciken abin da ke gudana a kan mutum daga lokacin da ido ya gani ko kunne ya ji zuwa lokacin da zai buɗe baki ko ya ɗaga hannu. Yadda ake gane abu, yadda ake maida hankali, yadda ake riƙewa da mantawa, yadda ake warware matsala a yanke hukunci. In ina bayani da Hausa, ilimin aikin hankali nake ce masa.

Wahalarsa ita ce kowane ɗalibi yana shigowa aji da yaƙinin ya san yadda kansa ke aiki, tunda da shi yake kwana da shi yake tashi. In ka tsaya karanto ma'anoni zai rubuta, ya haddace, ya juye maka a takardar jarrabawa, yaƙinin nan kuwa yana nan daram. Shi ya sa a kowane batu nake fara gwaji, sunan abin ya biyo baya. Sai ɗalibi ya ga hankalinsa ya yi tuntuɓe a gabansa sannan yake sauraro da gaske. Abin da zan shimfiɗa a nan yakan ci zama bakwai ko takwas, kowanne sa'a biyu. Zan riƙa cewa "ka", amma malama ma da ita nake.

Kayan aiki

- Allo da alli, ko farin allo da maka.
- Maka huɗu masu kauri: ja, baƙi, kore, shuɗi.
- Kwali fari manya guda huɗu.
- Takardu da aka yayyanka gida huɗu, masu yawa. Kowane zama ɗalibi zai ci biyu ko uku.
- Agogon waya don ƙirga daƙiƙa.
- Ƙaramin madubi da rula.
- Littafi ɗaya naka na rubuta sakamakon kowane gwaji, aji bayan aji.
- Kwamfuta da na'urar haska hoto a bango, in akwai. Gwaji biyu kacal ke bukatarta, kuma na tanadi madadinsu saboda ranar da babu wuta.

Duk jerin kalmomi da lambobin da za ka karanta, ka rubuta su tun a gida. Wanda ya ce zai ƙirƙiro su a tsaye gaban aji, ba zai iya tuna abin da ya faɗa ba balle ya duba amsar ɗalibai.

Mataki na 1: Ranar farko, kafin kowace ma'ana

A kwali ɗaya zana tabo ashirin na launuka huɗun nan a cakuɗe. A na biyu rubuta sunayen launukan sau ashirin da manyan baƙaƙe, amma kowane suna da tawadar da ba tasa ba: JA da kore, SHUƊI da ja, KORE da baƙi. Kira ɗalibi ɗaya, ka ba wani agogo. Umarnin shi ne ya faɗi launin tawada da sauri, kada ya karanta kalma. A kwalin farko zai wuce sumul. A na biyu zai fara in'ina, ya ce "ja, a'a, kore", aji ya ɗauki dariya. Bar su su dara, sannan ka kira wanda ya fi kowa dariya. Yi da mutum biyar ko shida, ka rubuta daƙiƙoƙin kowa a allo cikin layi biyu.

Yanzu ka tambaye su: me ya sa? Kada ka amsa da wuri. Wani zai ce ido ne, wani zai ce tsoro ne. Jira har wani ya ce karatun ne ke shigowa da kansa ba a gayyace shi ba. Nan ne za ka gaya musu cewa John Ridley Stroop ya wallafa wannan gwaji a Amurka a 1935, kuma mutanensa sun ɗauki kimanin daƙiƙa 63 kafin su ambaci launi ɗari na tabo, amma kimanin 110 idan launin yana jikin kalmar da ta saɓa masa. Sun riga sun koyi abu biyu. Akwai aikin da hankali ya saba da shi har ya zama ba ya neman izini, akwai kuma wanda sai an dage. Sannan abin da ke ɓoye cikin kai ana iya auna shi da agogo.

Hattara da abu ɗaya: wasu, musamman maza, ba sa bambance ja da kore sosai. In ka ga ɗalibi yana kuskure tun a kwalin tabo, gode masa ka zaunar da shi ba tare da ka mai da shi abin kallo ba. In babu maka masu launi, rubuta layuka irin su 3 3 3 3 da 4 4 da 2 2 2, ka ce a faɗi adadin lambobin da ke kowane layi. Tuntuɓen iri ɗaya ne.

Mataki na 2: Tarihi, minti ashirin kawai

Sababbin malamai sukan ƙone mako biyu a nan. Abin da ɗalibi ke bukata kaɗan ne. Daga 1913, da John Watson ya yi kira a daina maganar abin da ba a gani a tsaya kan ɗabi'ar da ake iya kallo, wannan ra'ayi ya mamaye fagen a Amurka na shekaru da dama. A shekarun 1950 aka fara juyowa. Kwamfuta ta ba masana misalin abin da ke karɓar bayani, ya sarrafa, ya adana, ya fitar. A 1959 Noam Chomsky ya soki bayanin B. F. Skinner kan harshe, yana mai cewa yaro yana furta jimlolin da bai taɓa ji ba, don haka kwaikwayo da lada ba su isa bayani ba. A 1967 Ulric Neisser ya fitar da littafin da ya tabbatar wa fagen sunansa. Zana akwatuna uku a allo, shiga da sarrafawa da fita, ka ce duk zangon nan a akwatin tsakiya za mu zauna. Ka kuma faɗa musu tun yanzu cewa kwamfuta misali ce kawai. Ita ba ta gajiya, ba ta jin tsoro, kuma ba ta sake wa abin da ta adana kama.

Mataki na 3: Gani ba ɗaukar hoto ba ne

Kowa ya ɗauki takarda ya zana ƙaramar alamar tarawa a hagu, ya auna santimita takwas zuwa dama ya yi ɗigo baƙi. Ya rufe idon hagu, ya kafa na dama a kan alamar, ya miƙe hannu da takardar, sannan ya riƙa jawo ta a hankali. Wajen santimita talatin daga fuska ɗigon zai ɓace. Za ka ji ajin ya ɗauki "kai!" daga kowace kusurwa. A wurin da jijiyar gani ta fita daga bayan ido babu ƙwayoyin da ke karɓar haske. Abin da nake so su lura da shi ya wuce ɓacewar ɗigon: a gurbinsa ba rami suke gani ba, farar takarda suke gani. In suka ja layi miƙaƙƙe ya ratsa ta kan ɗigon, layin zai fito a haɗe. Ƙwaƙwalwa ce ta cike gurbin da abin da take zaton ya kamata ya kasance. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗalibi ya riƙa satar kallon ɗigon. Zagaya ka tunatar da su ido ya tsaya kan alamar.

Sannan zana layi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da kan kibiya a kowane ƙarshe yana kallon waje, ɗayan kuma yana kallon ciki. Wannan shi ne zanen Müller-Lyer na 1889. A ɗaga hannu kan wanda ya fi tsawo, sannan ka ba ɗalibi rula ya auna. Ko bayan an auna, ido zai ci gaba da ganin bambanci.

Nakan ambaci Ibn al-Haisam a nan, wanda ya rubuta babban littafinsa kan gani a Alƙahira a ƙarni na 11, ya kuma yi bayanin cewa gane nisa da girman abu yana bukatar wani hukunci mai sauri da mai gani ba ya jin ya yi shi. Ɗalibai sukan gyara zama idan suka ji tambayar ta girme wa Amurka.

Mataki na 4: Maida hankali

Zaunar da ɗalibi ɗaya a kujera gaban aji. Mutum biyu su tsaya, ɗaya a kowane kunne, kowa da rubutun da zai karanta a lokaci guda da murya daidai. Na zaune zai riƙa maimaita abin da na dama ke faɗa, kalma bayan kalma. Bayan minti ɗaya ka tambaye shi abin da na hagu ya karanta. Galibi ba zai kawo komai ba sai cewa namiji ne ko mace. Haka Colin Cherry ya samu a 1953: mutane ba su lura ba ko da aka sauya harshen kunnen da aka yi watsi da shi daga Turanci zuwa Jamusanci, amma sun lura idan murya ta sauya daga ta namiji zuwa ta mace. Donald Broadbent ya ce a 1958 akwai wata matata da ke tare abin da ba a zaɓa ba tun kafin a kai ga ma'anarsa.

Sake gwajin da wani ɗalibi, amma ka raɗa wa na hagu ya saka sunan na zaune a tsakiyar karatu. Wani lokaci za ka ga kansa ya juya. Neville Moray ya gwada haka a 1959, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ji sunansu. Kowa ya san wannan daga gidan biki: hayaniya ta cika wuri, amma da an ambaci sunanka a can gefe sai kunnenka ya tashi. To in matatar ta toshe komai, ta ina sunan ya bi? Bar su su yi gardama. Anne Treisman ta amsa cewa matatar rage murya take yi, ba ta kashe ta. Wannan ne karo na farko da za su ga gwaji ya tilasta an gyara ra'ayin masani, kuma ina ganin ya fi ra'ayoyin biyu muhimmanci.

In akwai wuta, nuna bidiyon Daniel Simons da Christopher Chabris na 1999, inda ake ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo, wani kuma cikin shigar goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Kada ka ambaci biri kafin nunawa, kuma ka roƙi waɗanda suka taɓa gani su yi shiru. In babu wuta, gwajin kunne biyu ya wadatar. Rufe zaman da tambayar da ta shafe su: mai babur da ke amsa waya a kan titi, da ɗalibin da ke karatu WhatsApp na buɗe a gefensa, me gwajin nan ya ce a kansu?

Mataki na 5: Faifai da rumbu

Batun riƙewa da tunawa shi ne zuciyar darasin, ni zama uku nake ba shi. Misalin da ya fi zama a kan ɗalibaina shi ne faifai da rumbu. Faifai ƙarami ne, a kansa ake tsince abin da ake aiki da shi yanzu, in aka tara masa kaya sai ya zube. Rumbu kuwa yana ɗaukar na shekaru. Wannan rabon ya yi kusa da tsarin da Richard Atkinson da Richard Shiffrin suka gabatar a 1968.

Fara da auna faifan. Karanta lambobi, ɗaya a kowace daƙiƙa, da murya shimfiɗaɗɗiya ba tare da rera su ba. Alƙalami a ajiye har ka gama, sannan su rubuta. Fara da lambobi huɗu, ka riƙa ƙara ɗaya har goma. Wanda ya rubuta daidai ya ɗaga hannu a kowane zagaye. Hannuwa za su fara sauka daga shida, a tara kuwa saura ɗaiɗaiku. George Miller ya yi rubutunsa mai suna a 1956 kan bakwai, a ƙara biyu ko a rage biyu.

Sai ka karanta musu lambobi goma sha biyu: 1 9 1 4 1 9 6 0 1 9 9 9. Yawancinsu za su kasa. Rubuta su a allo gida uku: 1914, 1960, 1999. Haɗe kudu da arewa, samun 'yancin kai, dawowar mulkin farar hula. Lambobi goma sha biyu sun koma ƙulli uku. Haka muke yi da lambar waya mai lamba goma sha ɗaya, muna yanka ta huɗu, uku, huɗu. Faifai ƙulli yake ƙirgawa, girman ƙullin kuwa ya dogara da abin da ke rumbu. Ka ƙara da cewa Nelson Cowan ya nuna a 2001 cewa in aka hana mutum ƙullawa da maimaitawa, abin da yake riƙewa ya fi kusa da huɗu. Kada ka bar su su tafi da "bakwai" kamar an sassaƙa a dutse.

Don su ga faifan wurin aiki ne, kamar yadda Alan Baddeley da Graham Hitch suka bayyana a 1974, ce su lissafa 17 sau 6 da ka, sannan su ƙirga tagogin gidansu. A na farko za su ji suna magana a zuci, a na biyu za su ga suna zagaya ɗakuna. Ɓangare biyu ke nan, na sauti da na hoto.

Gwaji na gaba: karanta kalmomi goma sha biyar da ba su da alaƙa, daƙiƙa biyu tsakani, irin su tsintsiya, jirgi, albasa, agogo, kogi, takalmi, fitila, rago, gishiri, makulli. Su rubuta duk abin da suka tuna. Ƙirga hannuwa ga kowace kalma ka zana jadawali a allo. Zai fito kamar ƙwarya: farko da ƙarshe a sama, tsakiya a ƙasa. Maimaita da sabon jeri, amma kafin su rubuta su ƙirga da baya daga 300 uku-uku na daƙiƙa talatin. Gefen ƙarshe zai rushe, na farko ya tsaya, kamar yadda Murray Glanzer da Anita Cunitz suka samu a 1966. Kalmomin ƙarshe a faifai suke, ƙirge ya share su. Na farko sun samu maimaici sun shiga rumbu.

A nan nake kawo labarin Henry Molaison. A 1953 aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya, aka cire wani sashe daga ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ba ya iya adana sabon abin da ya faru da shi. Yana hira lafiya, da an fita an dawo ya manta da baƙon. Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kwana uku yana ƙara gwaninta, alhali kullum ba ya tuna ya taɓa yi. Fito da madubinka ɗalibi biyu su gwada, su ji wuyar abin. Sanin "na yi" dabam, iya yi dabam. Ya rasu a 2008. Ka ba da labarinsa da mutunci, domin rayuwar mutum ce.

Mataki na 6: Abin da ya fito daga rumbu ba lallai shi aka zuba ba

Nan misalin rumbu yake karyewa, kuma dole ka karya shi da hannunka. Karanta wannan jeri: gado, dare, mafarki, bargo, gyangyaɗi, hamma, minshari, tabarma, katifa, hutu, gajiya, kwanciya, filo, farkawa, ɗaki. Ba su minti biyu su rubuta. Sannan ka tambaya: wa ya rubuta gado? Wa ya rubuta hamma? Wa ya rubuta barci? Hannuwa da yawa za su tashi, kai kuwa ba ka faɗi barci ba. Henry Roediger da Kathleen McDermott ne suka farfaɗo da wannan hanya a 1995, daga aikin James Deese na 1959.

Ba na manta wata ɗaliba da ke zaune a layin baya. Ta miƙe ta ce, "Malam, wallahi ka faɗa, bayan bargo ka faɗe shi." Na miƙa mata takardar da na karanta. Ta bi ta da yatsa sau biyu, ta ɗago ta ce har muryata tana ji ina faɗa. Ajin ya yi tsit. Ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan nake so kowa ya fita da shi: mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya a kan abin da bai faru ba. Tunawa sake gini ne daga guntaye da kuma abin da aka saba. Frederic Bartlett ya nuna haka a Kambirij tun 1932, da ya ba Turawan Ingila wata tatsuniyar 'yan asalin Amurka, suka riƙa sauya abin da ya yi musu baƙo zuwa abin da suka sani.

Saboda wannan takardar shaida ce, kada ka karanta jerin da ka. Kuma kada ka yi amfani da kalmar barci a cikin bayaninka na ranar kafin gwajin.

Sai maganar shaida. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, suka tambayi gudun motocin da kalmomi daban-daban. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi sun kiyasta kusan mil 41 a sa'a, waɗanda aka tambaya da mafi sanyi kusan 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda, masu kalma mai zafi sun fi cewa sun ga fasassun gilasai, alhali babu su a fim ɗin. Da Hausa kana iya raba takardu biyu a ɓoye, ɗaya ta ce "lokacin da motocin suka taɓa juna", ɗaya ta ce "lokacin da suka yi taho-mu-gama". Amma ka yi hankali. Na taɓa nuna irin wannan bidiyo ban yi gargaɗi ba, wani ɗalibi ya tashi ya fita, daga baya na ji bai daɗe da rasa yayansa a hanya ba. Tun daga ranar nake sanarwa tukuna, ko in sauya abin: in sa wani ya shigo aji ya ajiye littafi ya fita, bayan sa'a ɗaya in tambayi rabin aji launin hularsa, alhali bai sa hula ba. Wannan bai bukatar wuta. Tattaunawar da ke biyo baya, kan shaida a kotu da kan saɓanin 'yan'uwa game da wa ya ce me, takan fi ƙarfin lokacin da ya rage.

Mataki na 7: Tunani da yanke hukunci

Rubuta 2, 4, 6 a allo. Ce akwai ƙa'idar da lambobin nan suka bi, kowa ya kawo nasa ukun ka gaya masa sun dace ko ba su dace ba. Za su kawo 8, 10, 12 da 20, 22, 24, kana cewa sun dace, su sanar da cewa ƙa'idar ita ce ƙara biyu. Ba ita ba ce. Ƙa'idar ita ce kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta. Da wuya wani ya gwada 1, 5, 30 ko 6, 4, 2, domin kowa abin da zai gaskata zatonsa yake nema. Peter Wason ya tsara gwajin a 1960. Riƙe fuskarka, kada murmushi ya tona ka.

Na biyu: raba takardu iri biyu a cakuɗe. Ɗaya tana tambaya ko tsawon Kogin Kwara ya wuce kilomita 500, ɗaya ko ya wuce 9,000, sannan duka biyun su ce a kiyasta tsawonsa. A ajiye waya. Fitar da matsakaicin kowane rukuni a allo kafin ka faɗi cewa kusan kilomita 4,200 ne. Lambar farko takan ja kiyasi zuwa wajenta. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun bayyana haka a 1974, inda lambar da aka samu ta juya wani faifan sa'a, 10 ko 65, ta sa mutane suka kiyasta kason ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya da 25 ko 45 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwa ya san dalilin da ya sa mai kaya ke fara yanka kuɗi da tsada. Amma ka nuna musu gajerun hanyoyin nan suna da amfani a yawancin lokaci. Ɗalibi kada ya fita yana ganin hankalin ɗan Adam lalatacce ne.

Mataki na 8: Mayar da ilimin kan karatunsu

Hermann Ebbinghaus, a Jamus, ya haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana ya auna mantuwarsa, ya wallafa a 1885: mafi yawan asara a sa'o'in farko take, sannan ta lafa, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya. A 2006 Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa masu sake karanta rubutu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada kansu ne a gaba. Tambayi waɗanda suka yi hadda yadda ake tishi, da abin da ke samun wanda ya bar tilawa wata biyu. Za su yi maka bayanin rarraba maimaici da karantowa da ka fiye da littafi. Saurara ka haɗa da darasin, amma kada ka ɗauki ayoyi ka yi gwajin aji da su.

Kai ma ka yi aiki da abin da kake koyarwa. Kowane zama ya fara da tambaya biyar kan na baya, littafi a rufe, ba maki. Sunayen Turanci na kowane batu, da za su gamu da su a jarrabawa, ka rubuta su a allo bayan gwaji, su kwafa kusa da sakamakon da suka samu da hannunsu. Za a tambaye ka ko gaskiya ne kashi goma cikin ɗari na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi. Ba gaskiya ba ne, faɗa kai tsaye.

Wata rana gwaji zai ƙi fitowa. Kada ka murɗe lambobi, kada ka ce ai dai a littafi haka yake. Rubuta abin da aka samu, ku bincika tare: an yi surutu, wani ya leƙa takardar wani, mutanen sun yi kaɗan? Ka kuma sanar da su cewa yawancin binciken nan a kan ɗaliban jami'o'in Amurka da Turai aka yi. Ko zanen kibiyoyin nan, binciken Marshall Segall da abokan aikinsa a shekarun 1960 ya samu ƙarfinsa ya bambanta tsakanin al'ummomi, har da na Afirka. Shi ya sa littafin sakamakonka yake da daraja.

Aikin ƙarshen zango da nake bayarwa shi ne kowane rukuni na mutum huɗu ya zaɓi gwaji ɗaya cikin waɗanda muka yi, ya gudanar da shi a kan mutum ashirin a wajen aji. Su nemi yardar kowa tukuna, kada su rubuta suna, kada su yi da ƙananan yara, kuma su bayyana wa mutum manufar gwajin bayan an gama. Rahoton shafi biyu ne: me muka zata, me muka yi, me muka samu, me zai iya ɓata sakamakon. Ka karɓi jerin kalmominsu da takardun tambayarsu ka duba mako guda kafin su fita, domin a nan ne yawancin kurakurai suke ɓuya.